Gwangwanin Vaike

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas a Tartu,
daga kasuwa zuwa bakin kogi, in juyo, in koma.
Vaike kuwa tana jefa canji a gwangwanin shayi,
ta rubuta Lisbon da jan alƙalami a kan murfi.
Ranar da murfin ya ƙi rufuwa muka yanki tikiti biyu.
Ta sayi malafa tun ƙanƙara na kwance a ƙofar gida.

Sai annoba ta yi sallama,
ba ta jira an amsa ba.

Kamfanin jirgi ya aiko da wasiƙa mai ladabi:
kuɗinku na nan, sai dai sun zama takarda,
ku riƙe ta zuwa baɗi.
Na ce, Vaike, romon baka aka zuba mana.
Ta ce, aƙalla sun sa masa gishiri.

Duk Juma'a 'yarmu Triinu za ta bugo waya,
ta karanto mana launin ƙasashe kamar mai duba:
wannan kore ce, waccan ta yi ja, waccan tana tangal-tangal.
Ranar da tamu ta yi kore muka sauko da akwati,
kafin in tuna inda na cusa fasfo ta sake yin ja.
Gwaji kafin a tashi, gwaji bayan an sauka,
a dawo kuma a kulle mutum a ɗaki.
Vaike ta ƙirga da yatsu: hutu mako guda, kulle mako biyu.
Ta ce, Endel, garin neman ƙiba za mu samo rama.

Akwatin ya yi wata uku a falo, baki buɗe,
har kyanwa ta mai da shi gado.

Wani dare ta ajiye cokali, ta dube ni:
Ka zaga gari ɗaya sau dubu nawa,
amma ba ka taɓa kai ni inda uwarka ta yi wayo ba.
Saaremaa. Rabona da tsibirin tun ranar da muka binne ta.
Na ce, to, da babu gara ba daɗi.
Ban san bakina zai ji kunyar maganar ba.

A jirgin ruwa kowa ya zauna cikin motarsa,
takunkumi a fuska, gilashi a rufe.
Wani dattijo a motar gefe yana ɓare dafaffen ƙwai,
ya ɗaga mana shi kamar mai cewa bisimilla.
Teku toka-toka, yayyafi na sauka,
Vaike ta ɗauko malafarta ta kafa a ka.

Mai masauki, Leida, ta bar mana mabuɗi ƙarƙashin dutse,
baƙin burodi da bandar kifi a bakin ƙofa.
Ta tsallaken shinge muka gaisa,
murya na isa inda hannu bai isa ba.

Gidan kakata babu rufi.
Katangar duwatsu na nan, gansakuka ta yi mata riga,
bishiyar tuffa kuma ba wanda ya gaya mata an tashi,
tana ta haihuwa, tana zubar wa ciyawa.
Vaike ta gatsa ɗaya, ta yamutsa fuska don tsami,
ta cinye har ƙwallon.
Ni na tsaya inda nake zaton nan ne madafa,
na rasa abin yi da hannuwana.

Takardar jirgi na nan a aljihun tebur,
wa'adinta zai cika a watan Maris.
Triinu na ci gaba da karanto launuka.
Jiya na ji ƙarar kwabo a sabon gwangwani.
Na juya murfin, na duba.
Ba ta rubuta kome ba tukuna.